Alkamar da Ta Makara a Maijirgi

Maijirgi ƙasar hatsi ce. Wanda ya bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, da ya wuce Tasawa ba da nisa ba zai iske ta: jigawa ta ko'ina, rumbuna a bayan gari, gawo tsaitsaye cikin gonaki. Gero da wake da gyaɗa da 'yar dawa su ne gadon mutanen wurin, ba mai nufar can neman alkama. Shi ya sa da kawuna ya aiko mini cewa ɗansa ya shuka alkama a garka, ta tashi kore shar, ta fid da kai, amma zangarniya ta ƙi yin nauyi, in zo in gani tunda ni aka kai karatun noma, sai zancen ya tsaya mini a rai. Watan Maris ya riga ya raba tsakiya. Hunturu ya tafi, tun hantsi iska take fara ƙuna.

Kafin in kama hanya na fara leƙawa Jiratawa, kudu da Maraɗi cikin gulbi, inda ake noman rani a filin da hukumar ONAHA ke kula da shi tun farkon shekarun 1980. So nake idona ya fara ganin alkamar da ta yi kyau a wannan shekara, a wannan ƙasa, kafin in je in yi magana a kan ta wani. Na iske ana yanka, wasu har sun fara sussuka. Wani dattijo da na gaisar ya ce tasa tana ƙasa tun Nuwamba ba ta ƙare ba. Ya damƙo mini tsaba a tafin hannu, cikakkiya mai sheƙi, in ka ciza sai ta ce ƙas. Na ƙulle ta a leda na sa aljihu.

Daga Maraɗi sai Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu, sai Agye, sai Gazawa. Abin da ke faranta mini rai a wannan hanya kullum shi ne itatuwa. Bayan yunwar 1984 manoman yankin suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, abin da ake kira sassaben zamani, yau ga shi ido ba ya rasa inuwa. Amma a wannan tafiya hankalina yana kan kayan da aka ɗaure mana bisa mota, buhunan fulawa da katan-katan na taliya. Duk inda muka tsaya ga mai shayi da tulin burodi, ga 'yan mata da fanke a faranti. Hatsi muke nomawa, amma da alkama muke karya kumallo, alkamar da jirgin ruwa ya sauke a bakin teku, ta yi kwana da kwanaki bisa manyan motoci kafin ta iso mu.

Alkama dai ta daɗe a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta a fadamu da jigo, fangali kaɗan-kaɗan, don alkaki da funkaso da gurasa, abincin biki da na masu hali. A Janairun 1851 Heinrich Barth ya sauka Tasawa, bayan ya biyo ayarin gishirin Abzinawa daga arewa, kuma ƙasar da ayarin ya fito har yau ana noman alkama a lambunanta, su Timiya da Tabelot, domin tsauni yana riƙe musu sanyi. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu da tsauni. Kwanakin ɗari kawai muke da su, kuma manoman jigo na da sun san ƙidayarsu sarai.

La'asar sakaliya muka shiga Maijirgi. Masu karatun tarihi sun san garin da kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisa, har sojojinsu suka yi musu tawaye suka harbe su a nan cikin Yulin 1899. Ranar dai ba wannan ne zancen gidan kawu ba. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Da aka gama tambayar mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, sai Kawu ya nuna ɗan nasa da haɓa.

"Ga shi nan, ɗana. Taubashinka ne, amma yau ka ajiye wasa. Kwana biyu ko abincin kirki ba ya ci."

Yaron ya yi shekaru yana ci-rani a arewa, ya dawo da ɗan abin da ya tara. Maimakon babur ko shago, sai ya haƙa rijiyar burtsatse a gefen gonar uban, ya sa mata injin mai aiki da hasken rana, ya kewaye wurin da darni. Salad da kabeji da tumatir da zogale sun karɓe shi. Inna kuwa, mahaifiyarsa, sana'arta taliyar murji da fanke, kuma tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin fulawa, ribarta ta koma ba a magana. Shi ne ya ce bari ya noma wa uwarsa alkamarta. Ni ban ga wauta cikin wannan tunani ba ko kaɗan. Ɗa ne ya ga uwarsa tana murza taliya har dare don 'yar ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

"Yaya, ba abin da ban yi mata ba," in ji shi. "Ruwa ban fasa ba. Takin zamani na zuba, na gida na zuba. Tsuntsu na kora. Wasu sun ce baki ne ya kama ta, wasu sun ce a iri aka cuce ni."

"Irin daga ina?"

"Kasuwar Tasawa. Tiya-tiya na auno wurin masu hatsi."

"Yaushe ta shiga ƙasa?"

Ya ce kashi biyu ce. Fangali kaɗan ya fara shukawa farkon Disamba don gwaji. Sai injin ya lalace, kayan gyaran da ya aika a sayo suka yi ta jan kwanaki, yana ta ban-ruwa da guga don kada 'yan fangalin su mutu. Mafi yawan filin bai samu shuka ba sai wajen 10 ga Janairu. Da na ji haka na riga na san inda za mu dosa, amma na bar maganar sai gari ya waye, don abin da ido ya gani ya fi zama.

Bayan sallar asuba muka fita mu uku. Garkar tana da kyau ƙwarai, an ja kwalbatin ruwa a miƙe, ba ciyawa. Alkamar Disamba an riga an yanke ta an jingine dammuna a jikin darni. Ta Janairu tana tsaye, gajeruwa, ta fara fari tun daga sama, irin farin da ba na nuna ba. Na tuge 'yan kaɗan na duba saiwa, lafiya lau. Na tsaga kara, ba tsutsa. Ganye ba tsatsa, ba ɗarɓa. Sannan na tsinko zangarniya na riƙa ɓare gidajenta ɗaya-ɗaya daga gindi zuwa tsini. Na gindi holoƙo, na tsini holoƙo. A tsakiya ne kawai ake samun ƙwaya, ita ma siririya, ta motse, tsagin cikinta ya zurfafa.

Na shimfiɗa hula a ƙasa na zuba kashi uku: ta Jiratawa daga aljihuna, ta Disamba da muka murza daga dami, da ta Janairu. Ko yaro ya ga bambancin. Ta Disamba gidajenta sun cika, sai dai ƙwayar ba ta kai ta Jiratawa ƙiba ba. Ta Janairu ko rabin gidajen ba su ɗauka ba. Iri ɗaya ne da ta Disamba, ƙasa ɗaya, rijiya ɗaya, hannu ɗaya. Abin da ya raba su kwana talatin da 'yan kai.

Sai muka tsuguna muka yi lissafi da yatsa a rairayi. A ƙasarmu alkama takan fid da kai tsakanin kwana 50 da 60 bayan shuka, ta yi fure 'yan kwanaki bayan haka, ta nuna cikin wata uku ko da ɗoriya kaɗan. Wadda aka shuka ƙarshen Nuwamba za ta yi ciki ta yi fure cikin Janairu, lokacin da dare a yankin Maraɗi yake sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma take tsayawa wajen 30. Ta farkon Disamba furenta ya faɗo farkon Fabrairu, ta tsallake da ƙyar, amma cikar ƙwayarta ta shiga ɗumi. Ta 10 ga Janairu kuwa ta yi ciki a ƙarshen Fabrairu, ta yi fure farkon Maris, lokacin da rana take haura 35 kusan kullum, dare ma ya daina sanyi.

Taubashina ya ce, "To ai rana ba ta ƙone ta ba, Yaya. Kore take shar har ta fid da kai."

Nan ne wurin da abin yake ruɗar mutane, kuma nan na fi daɗewa ina bayani. Ganyen alkama yana iya jure zafin da furenta ba ya iyawa. Ita alkama ba ta jiran iska ko ƙudan zuma su kawo mata bununi daga wata gona. Kowane ɗan fure cikin zangarniya yana da namijinsa da macensa a gida ɗaya: 'yan jakunkuna uku masu garin bununi, da mahaifa ɗaya mai siraran gashi da ke cafke garin. Sau da yawa kafin ka ga 'yan jakunkunan nan rawaya suna reto a jikin zangarniya, aiki ya riga ya ƙare a ciki. Fure ɗaya ƙwaya ɗaya yake bayarwa. Wanda bai ɗauka ba, gurbinsa ya tafi ke nan, ko da daga baya ka kwarara masa ruwan gulbi.

Garin bununin kuma ba ranar fure ake yin sa ba. Kamar kwana 10 kafin nan, lokacin da zangarniya take naɗe cikin ciki, ba mai ganin ta, a lokacin ƙwayoyin bununi suke rabuwa suna kama siffa. Cikin kowace jaka akwai wani siririn bango da ke shayar da su. Zafi yana lalata bangon nan tun aikinsa bai ƙare ba, sai garin ya fito fanko, ba sitaci a cikinsa, ba shi da ƙarfin tsirowa ya kai ga mahaifa. Wani lokaci jakar ma ƙin fashewa take yi. Wasu masana biyu a Adelaide ta ƙasar Ostareliya, Saini da Aspinall, sun nuna tun 1982 cewa kwana 3 kacal a digiri 30 dare da rana, in suka faɗo daidai wannan gaɓa, sun isa su zubar da babban kaso na ƙwayar zangarniya, kuma ba namijin kaɗai abin yake taɓawa ba, har da mahaifar. A ranar furen ma haka: garin bununin alkama ba ya daɗewa da rai bayan ya fita daga jaka, busasshiyar iska mai zafi kuwa tana ƙara gajarta masa lokaci, tana busar da gashin da zai karɓe shi. Duk wannan yana faruwa gona tana kore, mai ita yana murna.

Kawu, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya gyara tsuguno.

"Wannan ai mun san shi a hatsi. In ruwa ya ɗauke lokacin bununi, rana ta buɗe, iska mai zafi ta kaɗa, sai ka ga zangarniya doguwa kamar me, in ka murza ba komai. Kwana kaɗan ne, amma su ne shekarar."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Sai dai hatsi ɗan ƙasa ne, furensa yana jurewa har wajen digiri 40. Ita wannan daga 30 take fara kuka."

Bugu na biyu yana zuwa ne bayan ƙwaya ta ɗauka. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar alkama sitaci ne, ganye ne ke yin sukari da rana, musamman ganyen ƙarshe na sama, a tura shi cikin ƙwaya a mayar da shi sitaci. Sinadarin da ke wannan aikin na ƙulla sitaci yana daga cikin waɗanda zafi ya fi saurin raunanawa. Ga shi kuma zafi yana hanzarta tsufan shukar, ganye ya bushe da wuri, kwanakin cika su ragu. Tamkar buhu ne aka ɗinke bakinsa tun bai cika ba. Dare mai ɗumi yana ƙara ɓarna, domin shuka tana numfashi da dare, tana ƙona sukarin da ta tara da rana, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon abin da take ƙonawa. Abin da ya rage wa alkamar Disamba ƙiba ke nan, shi ne kuma ya motse 'yar wadda ta Janairu ta samu ɗauka.

Da rana ta take muka koma garkar da ma'aunin zafin da na zo da shi. A inuwar darni ya kusa 40. Na sa taubashina ya shayar da fangali ɗaya sosai, muka jira, sannan na cusa ma'aunin cikin ganye, sai ga shi ya sauka da 'yan digiri. A fangalin da ƙasarsa ta bushe bai sauka ba. Wannan shi ne sirrin da ya sa alkama take yiwuwa a Sahel ko kaɗan: iskarmu ta rani busasshiya ce, shukar da ke da ruwa a gindi tana fitar da shi ta ganye, tana sanyaya kanta. Da ruwan ya yi ƙaranci sai ƙofofin ganye su rufe, zafin jikinta ya hau. Jigawar Maijirgi kuwa ba ta riƙe ruwa kamar lakar gulbi. Abin da aka zuba da safe, kafin la'asar ya zurare. Shi yana ganin bai fasa ban-ruwa ba, kuma gaskiyarsa, amma a makon ciki da makon fure shukar ta sha yin yamma da ƙishi.

Inna ba ta bi mu garka ba, amma ita ta yi gwajin ƙarshe. Ta sa aka sussuko mata daga ta Disamba, muka murzo mata daga ta Janairu, ta sheƙe, ta kai injin niƙa daban-daban, ta tankaɗe. Ta Disamba ta ba da gari mai auki. Ta Janairu rariya ta cika da dusa, domin ƙwayar da ta motse fatarta tana nan yadda take, cikinta ne babu.

"Wannan ta yi mini taliya," ta ce tana shafa garin farko. "Wannan kuwa a ba awaki." Sai ta dubi ɗanta. "Kada ka sa wa ranka damuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni dai na ci alkamar gonar ɗana."

Da dare aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta suka taru, aka ɗora shayi. Wani mai sauraron rediyo ya tuna labarin Indiya. Na ce abin da ya samu fangalin taubashina shi ne ya samu ƙasa guda a 2022. Maris ɗin shekarar ya fi kowane Maris zafi a Indiya tun da aka fara ajiye lissafi a 1901, ya iske alkamar Punjab da Haryana tana tsakar cika, ƙwaya ta motse, ranar 13 ga Mayu gwamnati ta hana fitar da alkama waje. Indiya ce ta biyu a duniya wajen nomanta, bayan Sin, ga kuma yaƙin Yukren ya riga ya toshe tashoshin Bahar Aswad. Kwanakin zafi a Punjab sun shiga cikin kuɗin buhun fulawar da Inna take saye a Tasawa. Wani babban nazari da masana daga ƙasashe da dama suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da duniya ta ƙara, alkamar da take nomawa za ta ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Wannan matsakaici ne na duniya. Mu da muke noma ta a bakin iyakar abin da take iya jurewa, namu rabon ya fi haka ciwo.

Wani dattijo ya ce ɗarin yanzu ai bai kai na da ba, da can sai an kwana da wuta a ɗaki wata biyu. Ma'aunai ma sun nuna Sahel yana ƙara ɗumi, dare ya fi rana saurin hawa. Ga manomin alkama, ma'anar wannan ita ce ƙofar da yake bi tana ƙara tsukewa. Jinkirin da ubansa zai yi ya tsira, shi ba lalle ya tsira ba.

Nan na faɗi abin da ya daɗe yana damuna, kuma zan sake faɗa a rubuce. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun sha wannan darasi da tsada. Sun gina madatsar Tiga a shekarun 1970, suka shimfiɗa filayen Kadawa da Kura, ga Bakolori, ga kwarin Haɗejiya. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce a noma a gida, jihohi suka yi ta rububi har da waɗanda ba su da ɗarin da zai riƙe ta, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta ƙasar na 2021 ya iske abin da aka noma bai kai tan 40,000 ba, alhali miliyoyin tan ake shigowa da su duk shekara. Masu bincike ba su yi barci ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da iri irin su Norman da Reyna-28 tare da cibiyoyin CIMMYT da ICARDA, Sudan ma tana noman irin da ake kira Imam a filin Jazira mai zafi. Waɗannan iri suna da amfani na gaske, sun fi tsabar kasuwa da ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba. Amma ba su mayar da Maris Janairu ba. Shawarar masana a arewacin Nijeriya ita ce a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, mu ma lissafinmu ke nan. Duk shirin tallafin da zai kawo wa manomi iri da taki bayan Disamba ta yi nisa, a yi taro a ɗauki hoto, to asara ya raba masa, kuma shi za a bari da bashi. Na ga irin wannan da idona, na ga manomin da aka ɗora wa laifi daga baya aka ce bai iya ba. In ba za a iya kai kaya hannun mutane cikin Oktoba ba, gara a bar su su shuka abin da bazara ba ta kashewa.

Kawu ya tambaye ni kai tsaye ko yaron ya sake ko ya bari. Na ce in zai sake, ya tsaya ga 'yan fangalin da za su ishi Inna, kada ya cinye garkar. Ya nemi iri mai suna, mai saurin nuna, ya tambayi mutanen cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna ko manoman Jiratawa, ya saye shi yanzu da ake sussuka ya adana a jarka mai murfi. Ya gyara fangali cikin Oktoba, ya cika su da takin gida don ƙasar ta koyi riƙe ruwa, ya shuka kafin Nuwamba ta ƙare. Daga ranar da ya ga shuka ta yi ciki har ƙwaya ta yi tauri, kada gindinta ya bushe ko yini ɗaya, ko da salad zai yi haƙuri. Ya ƙara tsayin darni ta gabas inda iska ke bugowa. In kuma inji ya sake lalacewa har Disamba ta raba tsakiya, ya mayar da irin jarka ya jira baɗi.

Washegari taubashina ya roƙe ni mu biya wurin wani abokinsa a ƙasar Mayahi, wanda suka yi ci-rani tare, shi ma yana shirin alkama baɗi saboda ya ga korenta a hoto. Muka koma Tasawa muka sauya mota, muka nufi arewa maso yamma. Ƙasar ta sauya da muka gangara Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa amma yana kwance a ƙasa, goriba da kaba ta ko'ina, mata suna saƙar tabarma a inuwa. Garkar abokin albasa ce da tumatir, ƙasarsa ta fi ta Maijirgi duhu.

Taubashina ne ya yi bayanin da kansa. Ya zube masa kashi ukun nan a tafin hannu, ya zana masa watanni a ƙasa, ya nuna masa inda ciki yake faɗowa da inda fure yake faɗowa. Abokin ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana juya ƙwayar Janairu da yatsa. Sannan ya ce matsalarsa Nuwamba ce. A watan nan bai gama roron wake ba, gyaɗa ba ta shiga kasuwa ba, ba kuɗi a hannu, yaran gida duk suna gona. Shi garkarsa ba ta tashi sosai sai Disamba, kuma albasa ba ta yi masa gardama a kan haka. Ya ƙidaya ban-ruwan wata uku, ya ƙidaya buhun da zai samu ko da ta yi kyau, ya ajiye kusa da kuɗin albasar fangali ɗaya.

"Malam, na gode da kuka zo tun ban sayi iri ba," ya ce. "Shi ya noma wa Inna tata, tunda ya ga hanya. Ni albasata zan ƙara, in saya wa mai ɗakina fulawa."